An cire kansar hanji, sai ga ta a hanta: wuƙa ce ta watsa ta?

"Salamu alaikum likita, ina gaisuwa. Ni daga Tawa nike rubutu. Babanmu shekarunshi 61, bara anka yi mishi aiki a Yamai anka yanke wani yanki na babban hanji saboda kansa, likitoci sunka ce an cire duka. Yanzu wata 14 ke nan, an yi sikana an ce akwai ƙulli ukku a hanta. Amma akwai wani maƙwabcinmu da anka yi ma irin aikin nan shekara shida da sunka wuce, yana nan lahiya lau yana zuwa gona. Mutane suna ce muna wai wuƙa ce ta taɓa ciwon ya watsu, da ba mu yarda anka yi aikin ba da bai kai hanta ba. Ni ce na matsa anka kai shi. Don Allah likita mi ya sa na wani ke yaɗuwa na wani kuma ba ya yaɗuwa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Tambayarki in na fahimta guda biyu ce a dunƙule, ɗaya kin rubuta ta fili, wato me ya sa ciwo iri ɗaya, aiki iri ɗaya, amma wani ya warke wani ya dawo masa a hanta, ɗayar kuma tana cikin layin nan da kika ce "ni ce na matsa". To bari in fara da wannan ta biyun don ita ce ta fi hana barci. Kai Baba asibiti da kika yi ba shi ya kai ciwon hanta ba. Ƙullin da aka gani yanzu, irinsu ya daɗe da tashi daga hanji tun kafin a kwantar da shi kan tebur, kuma da an bar kumburin a hanji da zai ci gaba da zubar da iri kullum, ga haɗarin toshewar hanji ko zubar jini a kai. Ni aikina fiɗa ne, ciki nake buɗewa, wannan magana ta wuƙa kuwa na ji ta ba adadi a bakin ƙofar ɗakin aiki, har na san daga inda take fitowa. Mutanenmu ba su zuwa sai ciwo ya yi nisa, a yi aiki, bayan 'yan watanni abin da dama yake ɓoye ya fito fili, sai a ce ai tun da aka yanka shi bai sake lafiya ba. Ana ganin na ƙarshe da ya taɓa mara lafiya, ba a ganin shekara biyu ko uku da ciwon ya yi yana aikinsa shiru.

Abin da likitoci suke nufi da "an cire duka" shi ne an cire duk abin da ido da hannu da na'ura suka iya gani. Sikana ba ta ganin abu sai ya kai 'yan milimita, ƙulli kuma mai faɗin santimita ɗaya kacal yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyi. Kenan tarin ƙwayoyi dubu goma ko dubu ɗari na iya zaune cikin hanta a yi sikana a ce tas take. A 2019 wasu masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun bi tarihin ƙwayoyin halittar kumburin hanji da na wanda ya yaɗu, suka tarar a yawancin mutanen da suka duba irin ya bar hanji tun kumburin farko bai kai girman da za a gane shi ba.

Iri da ƙasa

Ke 'yar Tawa ce don haka ba sai na wahala wajen misali ba. Ki ɗauki tiya ɗaya ta hatsi ki watsa rabi a fadama rabi a kan fako, iri ɗaya ne amma kin san inda zai tsiro. Wannan misalin ba ni na ƙirƙira ba, wani likitan fiɗa ne a Landan, Stephen Paget, ya kawo shi a 1889. Ya bi bayanan mata 735 da kansar nono ta kashe, ya ga ciwon ba ya faɗawa gaɓoɓi da ka, yana yawan zuwa hanta amma da wuya a same shi a saifa alhali ita ma saifa jini mai yawa ke ratsa ta, sai ya ce ƙwayar kansa iri ce, tana watsuwa ko'ina amma ba ta tsirowa sai inda ƙasa ta karɓe ta. A 1928 wani masani a Amurka, James Ewing, ya ce a'a, maganar hanyar jini ce kawai, duk inda jini ya fara kai ƙwayar nan take maƙalewa. An yi shekaru ana wannan gardama. A 1980 Isaiah Fidler da abokin aikinsa Ian Hart suka dasa guntun huhu da guntun ƙoda a jikin ɓeraye, a wurin da ba nasu ba, suka zuba ƙwayoyin kansa a jini, ƙwayoyin sun isa duka wuraren biyu amma a guntun huhun suka tsiro, a na ƙodar ba su kama ba. Fidler ɗin ne kuma ya nuna tun 1970 cewa cikin ƙwayoyin da suka shiga jini kusan duka mutuwa suke yi, wanda ke kaiwa ga zama sabon ƙulli bai kai ɗaya cikin dubu ba.

A kansar hanji su biyun duka suna da gaskiya, kuma wannan ne ya sa hanta ta zama wurin farko. Duk jinin da ya taso daga hanji ba ya komawa zuciya kai tsaye, akwai wata babbar jijiya da ke tattara shi ta kai shi hanta a tace tukuna, kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da hanta ke samu ta nan yake shigowa. Kamar motar da ta taso daga Tawa za ta Yamai ta babbar hanyar Ƙonni ce, ko tana so ko ba ta so sai ta bi ta Dosso. A cikin hanta jijiyar tana rarrabuwa ta zama ƙananan hanyoyi siraran gaske, jini yana tafiya a hankali, bangon hanyoyin kuma yana da 'yan ƙofofi, to ƙwayar kansa da ta shigo sai ta maƙale. Shi ya sa ma kansar da ke can ƙasan dubura take da wata ɗabi'a daban, jinin wannan wurin wani sashensa yana kewaye hanta ya wuce zuciya, sai ka ga ciwon ya fara bayyana a huhu. Akwai kuma hanya ta uku, in kumburin ya huda bangon hanji har waje, ƙwayoyi su zube cikin ciki su manne a tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, wannan shi ke kawo ciki ya cika da ruwa.

Amma hanya kaɗai ba ta isa ba, hanta kanta ƙasa ce mai karɓar baƙo. Ki duba, duk abin da muka ci, tuwo, hura, magani, har da guntattakin ƙwayoyin cuta na hanji, ta hanta suke wucewa kullum, da a ce garkuwar jiki a nan tana tada faɗa kan kowane baƙon abu da ba mu zauna lafiya ba ko yini ɗaya. Don haka Allah Ya yi ta da haƙuri, sojojin garkuwar da ke cikinta ba su saurin kai duka. Wannan haƙurin da yake amfanar mu shi ne kansa take fakewa da shi.

Sannan akwai abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da na fara karanta shi. Kin san tassa, ramukan nan da manoman wajen Illela da Badagishiri suke haƙawa kan fako tun da rani, a zuba taki a ciki, in damina ta sauka ruwa ya taru a shuka, ƙasar da da ba ta ba da komai ta ba da hatsi. To kumburin hanji yana yin tassa a hanta kafin ya aika iri. Yana sakin wasu sinadarai da wasu 'yan ƙananan ƙunshi cikin jini, su isa hanta su taɓa ƙwayoyinta, wasu ƙwayoyin hanta su fara saƙa zare-zare kamar na tabo, wasu ƙwayoyi daga ɓargo su taso su taru a wurin su kwantar da garkuwa, kafin ƙwayar kansa ta iso an riga an gyara mata wurin zama. Ƙungiyar David Lyden a New York ce ta fara bayyana wannan a 2005, a kan ɓeraye, daga baya aka yi ta ganin alamunsa a wasu kansoshi.

Maƙwabtan da ke cikin kumburin

In na yanke kumburi na riƙe a hannu, abu ne mai tauri kamar ɗanyen rogo, kuma wannan taurin ba ƙwayoyin kansa kaɗai ke kawo shi ba. In an yanka an duba a madubin anapat, wato ɗakin binciken naman da aka cire, wani lokaci rabin abin ko fiye ƙwayoyin jikin mutum ne na ƙwarai waɗanda ciwon ya ja cikin aikinsa, masu saƙa tabo, jijiyoyin jini sababbi, da fararen ƙwayoyin jini iri-iri. Kansa ba ta iya wuce milimita ɗaya ko biyu in ba ta samu jini ba, Judah Folkman ya faɗi haka tun 1971, don haka takan aika saƙo jiki ya shimfiɗa mata jijiyoyi, su kuma jijiyoyin nan ba su da ƙwari, suna yoyo, ta nan ƙwayoyi ke samun ƙofar fita. Masu saƙa tabon kuma aikinsu na asali ɗinke rauni ne, kansa sai ta riƙa yi musu kamar rauni ne da bai warke ba, su yi ta aiki ba tsayawa. A Basalona ta Sifen ƙungiyar Eduard Batlle ta nuna a 2012 cewa wani sinadari mai suna TGF-beta da kumburin ke fitarwa yana juya waɗannan ƙwayoyin su koma masu taimakon iri ya kama a hanta, a 2018 kuma suka nuna shi ne ke hana sojojin garkuwa kutsawa cikin kumburin, suna tsayawa a gefe kamar an ja musu shinge.

Nan ne nake ganin amsar maƙwabcinku ta fi yiwuwa ta kasance, bayan maganar matakin ciwo da zan zo kanta. A 2006 Jérôme Galon a Faris ya ƙirga wasu sojojin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T a cikin kumburin hanji na mutane sama da 400, a tsakiyarsa da kuma bakin iyakarsa. Waɗanda kumburinsu ya cika da sojojin nan ciwonsu bai cika dawowa ba, waɗanda nasu ya zama fayau ba soja kuwa ya fi dawowa, ko da matakin ciwon ɗaya ne. Wato mutum biyu, kumburi girma ɗaya, likita ɗaya, amma ɗaya jikinsa ya riga ya gane abokin gaba yana farautar duk irin da ya fita, ɗayan kuma ciwon ya rufe wa garkuwarsa ido. Kuma don Allah kada a ɗauki wannan a ce Baba garkuwarsa ce ba ta da ƙarfi don bai ci kaza ko bai sha kaza ba, yawanci dabarar ciwon ce ta ɓuya, ba sakacin mai ciwon ba.

Ko a cikin hantar ma ƙulli ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda hanta take zagaye shi da katangar tabo ta raba shi da naman lafiya, akwai wanda yake shiga cikin layin ƙwayoyin hanta yana maye gurbinsu yana shan jinin da ya tarar. Masu katangar sun fi samun sauƙi bayan an yanke, marasa katangar kuma maganin hana tsirar sababbin jijiyoyi irin bevacizumab ba ya cika kama su tunda ba su buƙatar sababbi, na gidan suke amfani da su. Na tuna wani aiki da na yi, dattijo ne, sikanarsa ta sati uku kafin nan ba ta nuna komai a hanta ba, da na buɗe na zura hannu ƙarƙashin haƙarƙari ina shafa bayan hantar kamar yadda muke yi kullum kafin mu taɓa hanji, sai yatsana ya ci karo da wani abu kamar ƙwayar gujjiya, fari, mai ɗan loɓawa a tsakiya. Na tsaya na ɗan yi shiru. Ko wuƙa ba ta kusanci kumburin ba tukuna, ga shi nan ya riga mu isa.

Ƙwayoyin cikin hanji da abin da muke ci

Babban hanji gida ne na tiriliyoyin ƙananan halittu, yawancinsu amfani suke mana. Idan mun ci abinci mai dusa da ganye da wake, su ne ke narkar da abin da cikinmu bai iya narkarwa ba su fitar da wani sinadari, butirat, wanda shi ne abincin bangon hanji kuma yana rage kumburin ciki. Denis Burkitt, likitan da ya yi aiki a Uganda, tun wajajen 1970 ya lura kansar hanji ba ta da yawa a ƙauyukan Afirka ya danganta hakan da yawan dusa a abinci. A 2015 Stephen O'Keefe ya gwada abin, ya ɗauki baƙaƙen Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20 aka yi musu musanyar abinci na sati biyu kawai, waɗanda suka koma cin abincin karkara butirat ɗinsu ya ƙaru alamun kumburi a bangon hanji suka ragu, waɗanda aka ba nama da maiƙo kuma nasu ya juya ta ɗaya gefen. Sati biyu fa. Ni kam in na ga yadda cin abinci ke canzawa a Yamai, farar shinkafa da burodi safe da dare, lemun kwalba, naman gwangwani, ana raina tuwon hatsi da dambun zogale ana ganin na talaka ne, raina ba ya kwanciya. Hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a 2015 ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansar hanji, cikin misalan da ta bayar har da busasshen nama mai gishiri, ɗan'uwan kilishinmu ke nan. Ban ce a daina cin kilishi ba, ni ma in na bi ta hanya ina saya, maganar ta ci kullum ce.

Akwai kuma ƙwayoyin da suke tare da ciwon kansa. Wata mai suna Fusobacterium nucleatum, wadda asalinta a baki take zama, an gano ta da yawa cikin kumburin hanji, a 2017 kuma aka nuna tana bin ƙwayoyin kansar har cikin ƙullin hanta, iri ɗaya da ta kumburin farko. A ɓeraye da aka ba maganin da ke kashe ta kumburin ya rage saurin girma. To nan sai a yi hankali, kar wani ya karanta wannan ya ruga farmasi ya sayo wa Baba Flagyl, wato maganin da aka ba ɓerayen, abin da ya yi aiki a ɓera bai zama magani ga mutum ba tukuna, shan antibiyotik barkatai kuma yana kashe masu amfanin ne tare da marasa amfani. Kuma gaskiya hujjar abinci ta fi ƙarfi wajen hana ciwon farawa, ba wajen tsayar da wanda ya riga ya kai hanta ba, babu wata miya ko ganye da zai narkar da ƙulli ukun nan.

Abin da ya fi komai raba mutum biyu

Duk bayanin nan na ƙasa kada ya rufe abu mafi sauƙi, wato a wane mataki aka kama ciwon. Wanda aka cire masa kumburi tun bai ratsa bangon hanji ba kuma bai shiga kaluluwar da ke kewaye ba, mafi yawansu sun rabu da shi ke nan. Wanda ya shiga kaluluwa haɗarin dawowarsa ya fi yawa, shi ya sa ake bin aikin da shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da ke bin jini, a fara cikin sati shida zuwa takwas, don a kashe irin da ba a gani. Ki nemi takardar anapat ta Baba ki duba, za ki ga harafin T da lamba (zurfin da kumburin ya yi a bangon hanji), da N da lamba (ko ya shiga kaluluwa), da adadin kaluluwar da aka ƙirga (ana son su kai 12 aƙalla). Ina kyautata zaton in an ajiye tasa da ta maƙwabcinku gefe da gefe ba za su zo ɗaya ba. Kuma abin da ke jinkirta mu a nan kowa ya san shi, basir. Mutum ya ga jini a bayan gida, ko kashinsa ya sirance, ko yau gudawa gobe taurin ciki, yana ramewa, sai a ce basir ne ko ɗankanoma, a sayi ƙullin garin magani wajen masu lasifika a kasuwa, shekara ta zagayo. Na taɓa karɓar wani magidanci ɗan shekara arba'in da 'yan kai da ya zo da leda cike da kwalaben maganin basir da ya shanye, ya jera min su kan tebur ɗaya bayan ɗaya don in ga bai yi sakaci ba, kuma da gaske bai yi ba, neman magani yake ta yi, sai dai duk tsawon lokacin ba wanda ya sa safar hannu ya duba duburarsa da yatsa, abin da ba ya ɗaukar minti ɗaya, kumburin kuwa yana nan inda yatsa ke kaiwa.

In koma kan wuƙa don in yi adalci, akwai ɗan abin da ke cikin maganar mutane. Babban aiki yana raunana garkuwa na wasu kwanaki, kuma in ɗinkin hanji ya yi yoyo ko ciki ya yi ruwa bayan aiki, an lura ciwon ya fi saurin dawowa, don kumburin jiki irin wannan yana gyara wa iri ƙasa. Shi ya sa muke ɗaure jijiyoyin tun daga tushe, mu cire hanjin tare da kaluluwarsa a dunƙule ba tare da fasa kumburin ba, kuma mun fi son aikin da aka shirya da wanda aka shigo da shi tsakar dare hanji ya toshe. Amma wannan dalili ne na a yi aikin da wuri kuma da kyau. Kansar hanjin da ba a cire ba da wuya ƙwarai ta warke.

To yanzu Baba fa

Ban ga Baba ba, ban ga hotunan sikanarsa ba, don haka abin da zan faɗa hanya ce ta tambaya ba hukunci ba, likitocin da ke riƙe da dosiyensa su ke da magana ta ƙarshe. Abu na farko, ƙullin nan ba sabuwar kansar hanta ba ce irin wadda ciwon hanta na B ke kawowa da muke yawan gani a ƙasar nan, ta hanji ce ta yi ƙaura, kuma maganin ta hanji ake ba ta. Wannan bambancin yana da daɗin ji ta wani gefen, don kansar hanji tana cikin 'yan kaɗan da ko ta kai hanta ana iya yankewa da niyyar warkewa. Hanta tana tohuwa, in lafiyayya ce ana iya cire fiye da rabinta ta sake cikowa, kuma cikin waɗanda aka samu damar yanke musu ƙullin gaba ɗaya, kusan 4 cikin 10 ko sama da haka suna kaiwa shekara biyar. Sai dai ba kowa ke shiga wannan layin ba, ya danganta da inda ƙullin suke, ko ɓangare ɗaya suke ko sun warwatsu, ko sun jingina da manyan jijiyoyi, ko akwai wani a huhu ko tantanin ciki, da ƙarfin jikin Baba. Wasu ana fara musu da shimiyo ƙullin su ƙanƙance sannan a sake dubawa. Ki tambaye su kai tsaye: ana iya yankewa, yanzu ko bayan shimiyo? In ba a iya yi a inda yake, ina ake yi? Kuma a tabbatar an yi sikanar ƙirji, an auna ACE, wani sinadari da kan hau a jini in ciwon yana nan, don a riƙa bin sa, an kuma gwada ciwon hanta na B kafin a fara shimiyo domin shimiyo na iya tada shi in yana kwance. A Yamai akwai cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, wadda ta fara gashin haske, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a 2021, can ake haɗa irin wannan shawara.

Za ki ji labarin sabon maganin da ke tada garkuwar jiki, wataƙila ma kin gani a Facebook, wanda aka ce ya narkar da kansar dubura ba aiki. Gaskiya ne, a 2022 a New York mutum 12 na farko da aka ba dostarlimab kumburinsu ya ɓace duka. Amma dukkansu suna da wani nau'i na musamman da ake kira MSI, wanda ƙwayoyinsa suke cike da kurakurai har garkuwa take gane su da sauƙi, wato dama sojojin suna ciki an dai ɗaure musu hannu ne maganin ya kwance. Wannan nau'in kusan 15 cikin 100 ne na kansar hanji, a cikin wadda ta yaɗu kuma wajen 5 cikin 100 kawai. Ga sauran maganin ba ya aiki, ga tsada ta fitar hankali. In da hali a gwada guntun naman da aka cire bara a ga ko MSI ne, yana da amfani, amma kar a sayar da gona kafin a ga sakamakon.

Abin da ke hannunku a gida ba shi da yawa amma ba banza ba ne. Baba ya ci abinci, duk abin da ransa ke so kuma cikinsa ya karɓa, hura da nono, ƙwai, wake, kifi, nama ma, kada a hana shi da sunan wai ana kashe ciwon da yunwa, ramar da ke cinye tsoka ita ke sa a kasa ba mutum shimiyo ko a kasa yi masa aiki. In yana da ciwon suga a riƙe shi da kyau, in yana shan taba ko yana sa ta a baki ya bari. Ya riƙa tafiya da ƙafa gwargwadon ƙarfinsa, ko zuwa masallaci ne da dawowa da sanyin safiya da bayan la'asar. Wannan ba maganar kwantar da hankali ba ce kawai, a 2025 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka jagoranta daga Kanada kan mutum 889 da suka gama shimiyo bayan aikin hanji, waɗanda aka sa cikin tsarin motsa jiki 80 cikin 100 sun kai shekara biyar ba ciwo, ɗaya rukunin 74. Su ciwonsu bai kai hanta ba, don haka ba zan ɗora wa Baba wannan lissafin ba, amma tafiyar za ta riƙe masa ƙarfi. Sai jiƙe-jiƙe da saiwoyi, na san za a kawo su daga kowane ɓangare kuma da kyakkyawar niyya, amma duk abin da ya sha hantar nan ce za ta tace shi, ga ƙulli ga shimiyo, na ga mutanen da aka ɗage musu magani sati da sati don gwajin hanta ya hau bayan wani jiƙo. Addu'a da tofi ba su hana komai, a yi ta yi. Abin sha dai a nuna wa likita tukuna, har da asfirin, kar a fara shi da ka.

Ku kuma 'ya'yansa da ƙannensa, tunda mahaifi ya yi, ku yi koloskopi, wato duba cikin babban hanji da kyamara, daga shekara 40, in kuma a dangi akwai wanda ya kamu yana ƙarami to a fara shekara goma kafin shekarun da shi ya kamu. Wanda ya ga jini a bayan gida ba ya jiran shekara arba'in. In za ku zo Yamai randebu ku haɗo komai cikin jaka ɗaya, takardar anapat, bayanin aikin bara, faifan sikana na farko da na yanzu ba takardar sakamako kaɗai ba, da duk ordonans ɗin shimiyon da ya sha in ya sha, don likitan da zai duba hantar yana son ya ɗora hoton bara kusa da na bana da idonsa.